Tauraro a Kan Sunanta

Ranar da maƙalar ta fito, Dakta ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Tun daga ƙofar falo yake kaɗa wata takarda a sama.

"Madam! Ina Madam? Zo ki ga abin da na yi miki."

Ta fito daga kicin tana goge hannu. A asibitin koyarwa inda take aikin gwajin jini ba mai kiranta Madam. Sau-Biyu suke ce mata, domin ba ta sakin sakamakon gwaji sai ta maimaita shi, ko da layin marasa lafiya ya kai bakin titi. Da tsokana sunan ya fara, amma ya bi ta, har ita ma ta koma jin daɗinsa a ɓoye.

Dakta ya shimfiɗa takardar a kan tebur. Shafin farko ne na maƙalarsu, a wata mujallar likitanci ta ƙasar waje. Sunaye uku ne a ƙarƙashin take: nasa a gaba, nata a tsakiya, sai na Shugaban Sashe a ƙarshe, mutumin da ko launin kwalbar maganin bai sani ba. Dakta ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama da ke maƙale a saman sunanta.

"Kin ga wannan? Tauraro ne. Ni ban da shi, Shugaba ma ba shi da shi. Duk mai son magana a kan aikin nan, a ko'ina yake a duniya, ke zai nema. Maza nawa ne za su yi wa matansu haka?"

Ta yi dariya, har da rufe baki. Wata tara ta yi tana ɗibar jinin yara sittin da aka ɗora a kan wani sabon maganin ƙarin jini, tana aunawa, tana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Shi kuma ya ce ta bar masa rubutun Turancin, ai fagensa ne. Ga shi yau sunanta, haɗe da sunan mahaifinta, a inda ba ta taɓa mafarki ba.

Idonta ya sauka kan taƙaitaccen bayanin da ke ƙasa, sai dariyar ta tsaya.

"Dakta, nan sun ce yara ɗari da casa'in da shida. Mu ai sittin muka yi."

"Wani abokina a wani asibiti ya haɗa mana da nasa. Haka ake yi. Ke dai kin fiye bin ƙwaƙƙwafi, yau ranar murna ce."

Mace mai maimaita kowane gwaji, ranar nan ko sau ɗaya ba ta maimaita tambayar ba, domin tana son tauraron. Wannan kaɗai ne laifinta a duk labarin nan.

Wata huɗu aka yi lafiya. Dakta ya jera maƙalar a saman takardunsa na neman zama farfesa, ya miƙa. Wata safiya tana tsaye a ɗakin gwaji, safar roba a hannu, wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne a akwatin imel ɗin da Dakta ya buɗe mata lokacin da za a tura maƙalar, wanda ya saka mata a waya ya ce ba sai ta damu da lambar sirri ba, yana riƙe da ita.

Editar mujallar ce. Cikin ladabi ta rubuta cewa wani mai karatu ya lura da wani abu a jadawalin da ke ƙarshen maƙalar. Yaro na bakwai, da na hamsin da shida, da na ɗari da biyar, da na ɗari da hamsin da huɗu, duk nauyinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, jininsu ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Tana roƙon marubuciya mai alhakin maƙalar ta turo ainihin alƙaluman cikin mako uku.

Kalmar alhaki ta tsaya mata a ƙirji. Ashe abin da tauraron ke nufi ke nan.

Ta cire safar, ta zauna a gaban kwamfutar ofis, ta buɗe jadawalin, ta ɗauko littafinta mai baƙin bango. Ba ta yi minti ashirin ba ta gane komai. Babu wani aboki, babu wani asibiti. Yaranta ne, an kwafe su sau huɗu. Kuma ba dukansu ba. A cikin sittin ɗin akwai goma sha ɗaya da maganin bai karɓe su ba, masu amai, waɗanda jininsu ya ƙara sauka har likita ya ce a dakatar da su. Tana tuna fuskokin iyayensu mata. An share su kaf, an ɗauki arba'in da taran da suka rage an ninka. Ta rufe littafin, ta saka shi a lokarta ta murɗa makulli.

Da yamma ta same shi a falo ya miƙe ƙafa yana duba waya. Ta ajiye jakarta ba ta zauna ba.

"Ka ga saƙon?"

"Na gani. Ki zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda."

"Ina yara goma sha ɗayan nan?"

Ya ajiye wayar, ya yi ajiyar zuciya irin ta malamin da ɗalibi ya gajiyar da shi.

"Madam, ke lab ɗinku na gwaji kika sani, ba ki san mujalla ba. Wace mujalla ce za ta buga miki yara sittin? Ko buɗewa ba za su yi ba. Kuma waɗancan da kike magana, wa ya san me iyayensu suka ba su a gida? Tsaftace alƙaluma ake kira, kowa na yi. Waɗanda kike gani da manyan riguna ranar yaye ɗalibai, kina jin da me suka hau?"

"Amma mun ce maganin ba ya da illa. Wani likita zai karanta ya ba ɗan wani."

"Wa ke karanta waɗannan abubuwa? Mutum ɗaya ne, wani marar aikin yi, ya zauna yana ƙirga layi." Ya sassauta murya. "Shekara goma sha huɗu ina Dakta. Yaran da na koyar sun wuce ni. Don wa nake yi? Ba don ke da yaran nan ba?"

"To ka rubuta musu ka faɗi gaskiya."

"Ni? Ai ba ni suka rubuto wa ba."

Ya faɗe ta a hankali, ko ɗaga ido bai yi ba. Sannan, kamar abin ya faɗo masa ne a lokacin, ya ce ina littafin nan nata mai baƙin bango, gara ta kawo shi gida a adana, asibiti ba amana. Ta ce yana nan inda yake. Ya dube ta, duban da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba tun aurensu, sannan ya yi murmushi ya ce a kawo masa abinci.

Bayan kwana uku ya ajiye mata takarda a kan madubi, an buga ta tsaf, da gurbin sa hannu a ƙasa. A ciki, wai ita ce ke cewa ita ta tattara alƙaluman ita kaɗai, ita ta shigar da su kwamfuta, ita ta ninka su don aikin ya yi armashi, kuma sauran marubutan ba su da masaniya.

"Dabara ce kawai," in ji shi, yana ɗaura agogo. "Ke ma'aikaciyar lab ce, iyaka a ja miki kunne. Ni kuwa idan abin ya taɓa ni, kujerar farfesan ta tafi, aikin ma zai iya tafiya. Idan rufin gida ya faɗo, kan wa zai faɗo? Ki yi tunani, ba gaggawa."

Ta ninke takardar ta mayar masa a aljihun rigarsa da ke rataye. Washegari ta same ta a ƙarƙashin kofin shayinta. Ta mayar. Ta sake samun ta a cikin jakar aikinta. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma da ma ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya daina cin abincinta, yana shigowa da leda daga waje. Idan ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Yaransu biyu suka koyi tafiya a kan yatsun ƙafa a cikin gidan ubansu.

Ranar Asabar Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo. Ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata, ta kira surukarta ɗaki ta tura ƙofa.

"'Yar nan, ni ban san boko ba, ban san me ake cewa mujalla ba. Abin da na sani, ɗana ya rame. An ce takarda ce za ki sa wa hannu ki fitar da shi, kin ƙi."

"Hajiya, ƙarya ce a cikin takardar. Cewa zan yi na yi abin da ban yi ba."

"To sai me? Ni shekara nawa na yi ina cewa na ƙoshi alhali ban ci ba, don mahaifinsa kada ya ji kunya? Mace ai rufin asirin mijinta ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma ba shi ya ɗaga ki ba? Na ji har wani tauraro ya ba ki, wanda bai ba kansa ba. Ranar daɗi kin karɓa, ranar wuya za ki ce ba ki san zancen ba? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Sau-Biyu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ba ta ce za ta sa hannu ba. Hajiya ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce Allah ya shirya, ta fita ba sallama.

A wurin aiki ma iska ta fara juyawa. Shugaban Sashe ya aika a kira ta ofishinsa, ofishin da sanyin na'ura ya cika, da hotunansa yana karɓar lambobin yabo. Bai ce ta zauna ba.

"Malama, ni kin san ban ga aikin nan ba. Girmamawa ce mijinki ya yi mini ya sa sunana, kamar yadda aka saba. Yanzu ga shi ana neman a shafa mini kashin kaji a tsufana. Ku je ku daidaita a gida, a bar kaza cikin gashinta. Ba na son in ji sunan sashen nan a bakin kowa."

Ta so ta tambaye shi ko ya cire maƙalar daga jerin ayyukansa, tunda bai ga aikin ba. Ba ta tambaya ba, ta ce to, ta fito.

Mako na uku ya shiga, sai komai ya lafa. Takardar ta daina bin ta. Dakta ya ci abincinta, har ya ce gishiri ya yi daidai. Ya yi wa yara wasa a tsakar falo. Wayarta kuma ta daina kawo saƙon mujallar. Da ta duba, sai ta ga akwatin yana neman ta sake saka lambar sirri. Ta tambaye shi, ya ce matsalar waya ce, zai duba mata idan ya sami sarari. Ta so ta yarda cewa ya haƙura, amma ta san ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan zaman lafiyar ya fi faɗan ba ta tsoro.

Ranar da wa'adin zai cika ta yanke shawara. Da aka tashi cin abincin rana, ɗakin gwaji ya zama ba kowa, ta fito da littafin, ta ɗauki hoton kowane shafi, shafi saba'in da biyu. Ta buɗe sabon akwatin imel da kanta, ta rubuta wa editar komai da Turancinta marar kwalliya: yara sittin ne, ga goma sha ɗayan da aka cire, ba ita ta rubuta maƙalar ba, ba ita ta tura ba. Ta karanta sau biyu, ta tura. Ta san abin da ta yi zai iya cinye aurenta, amma a karo na farko cikin makonni ta ja numfashi har ƙasan ciki.

Amsa ta zo bayan kwana biyu, gajeriya, mai ladabi kamar ta farko. Editar ta ce sun riga sun karɓi wasiƙar amsa laifi kwana tara da suka wuce, daga adireshin da ke kan maƙalar, da sa hannun marubuciyar. Ba za su iya dogara da saƙo daga adireshin da ba su sani ba. Saɓani tsakanin marubuta ba hurumin mujalla ba ne, na ma'aikatarsu ne, don haka sun tura wasiƙun biyu da hotunan littafin ga hukumar asibiti. Maƙalar kuwa za a janye ta.

Ta ƙirga kwana tara baya. Ranar da ya yaba gishiri ce.

Ta same shi a ƙofar gida yana goge gilashin mota.

"Ka sa hannuna a takarda."

"Na taimake ki ne. Kin kasa yanke shawara, na yanke miki. Da kin bar shi haka da tuni wuta ta mutu." Ya matse tsumman. "An kira ni daga ofishin shugaban asibiti. Ashe ke har kin iya kai ƙarar mijinki ƙasar waje. To ki shirya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Kwamitin bincike ya zauna a wani dogon ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Mutum biyar ne, huɗu maza, mace ɗaya. Shugaban Sashe ya janye kansa saboda adalci, in ji shi, sai aka ɗora amininsa a kujerar. Littafinta mai baƙin bango na gaban mutumin, an karɓe shi daga lokarta tun da safe.

"Wannan rubutun hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Yara nawa ne a ciki?"

"Sittin."

"Ke nan tun ranar da maƙalar ta fito kin san ba ɗari da casa'in da shida ba ne. Wata huɗu kin yi shiru. Daga akwatin wa aka tura maƙalar?"

"Nawa, amma ba ni..."

"Wannan takardar da ke cewa kin ga dukkan alƙaluma kuma kin ɗauki alhakinsu, wa ya sa mata hannu?"

Ta dubi takardar. Wannan kam hannunta ne na gaskiya. A mota ya miƙo mata ita wata safiya, a bakin makarantar yara, ana ta yi musu hon a baya, ya ce sa nan, ƙa'ida ce kawai. Daga ita ya kwafi sa hannun da ya manna a wasiƙar amsa laifin.

"Mijina ne ya yi," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama. "Shi ya cire yaran, shi ya ninka, shi ya rubuta wasiƙar."

Mai rubuta bayanin zama ya ɗaga alƙalaminsa daga takarda ya dubi shugaban kwamitin, yana jiran a ce masa ya rubuta ko kada ya rubuta. Shugaban ya cire tabarau.

"Malama, kina da shaida?"

Ba ta da ita. Kwamfutar tasa ce, lambar sirrin na kansa, abin da aka faɗa kuma a falo aka faɗe shi.

"Mu nan ba kotun aure ba ce. Dakta ya zo jiya, ya yi magana a kanki da mutunci, har roƙonmu ya yi mu sassauta miki. Ya ce gajiya ce da son a san ki. Ki ji tsoron Allah, kada ki haɗa laifi da butulci."

Macen da ke cikinsu tana ta juya zoben hannunta, idonta a kan tebur. Da aka tashi, ta riski Sau-Biyu a bakin matakala, ta matse mata hannu, ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," ta wuce da sauri kafin a gan su tare.

Ba jan kunne aka yi mata ba. Korar ta aka yi, aka kuma rubuta wa hukumar da ke ba masu gwaji lasisi. Mujallar ta buga sanarwar janyewa, layi shida, da jan rubutu a kan maƙalar. Sanarwar ta ce marubuciya mai alhaki ta amsa cewa ita ta ƙirƙiri alƙaluman, kuma binciken ma'aikatarta ya wanke sauran marubutan. Ba wanda zai ce mujallar ba ta yi aikinta ba. Ta tambaya, ta jira, ta bi ƙa'idarta layi-layi, ta cire ƙarya daga shafukanta. Abin da ba ta da hanyar gani shi ne wanda ke zaune a gaban kwamfutar. Dakta ya cire maƙalar daga takardunsa, ya cike gurbin da wasu biyu da ɗalibansa suka rubuta, kwamitin ƙarin girma kuma ya tausaya wa mutumin da matarsa ta kusa jefa shi a rami.

Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai ya ɗauki mace guda da aikinta na shekara goma sha biyu, kuma ko cika bai yi ba.

Hajiya ce ta ce a tara dangi a kashe maganar, kada a bar ta tana ruɓa gida. Aka cika falo ranar wata Lahadi da hantsi: yayyensa, ƙannensa, kawunta, da mahaifinta, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda ido ya fara gaza masa. Sunansa ne ke bin nata a kan sanarwar nan, kuma wani tsohon ɗalibinsa ya riga ya karanta masa ita a waya. Ya zauna a gefe, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Dakta ya yi magana mai kyau, don ya iya. Ya ce an ba shi shawara iri-iri, wasu sun ce mace da za ta iya haka, kuma ta juyo ta ɗora wa mijinta, ba abar zama ba ce. Amma shi ya duba yara, ya duba zaman shekaru, ya duba girman Baba da ke zaune.

"Don haka ina shaida muku, na yafe mata. Duniya da lahira. Kada wanda ya sake tayar mata da maganar."

Falo ya ɗauki Allah ya yi albarka. Hajiya ta share ido da bakin mayafi. Kawunta ya ce irin wannan miji sai an tona. Sannan kowa ya juyo gare ta.

"Ki yi godiya mana," in ji kawun.

Ta miƙe ta fita. A bayan gida ta tsaya, kusa da igiyar shanya. Can ta ji ƙarar sanda a kan siminti. Mahaifinta ne, yana lalube da hannu ɗaya a bango.

"Uwata."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ta juyo, ta kasa haɗa ido da shi.

"Baba, wallahi ba ni na yi ba."

"Na sani."

Ta ɗago kai.

"Tun da aka karanta mini na sani. Ni na koya miki lissafi. Ke da za ki yi ƙarya ma, ba za ki kwafi layi ɗaya sau huɗu ba, wannan aikin malalaci ne." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Kawunki ma ya sani. Ita Hajiyar, kina jin ba ta san abin da ta haifa ba?"

Ta kama hannunsa da hannu biyu, kuka ya ƙwace mata.

"To Baba ka faɗa musu. Kai kaɗai za ka faɗa su ji. Sunanka ne fa a jiki."

Tsohon ya girgiza kai.

"In na faɗa, aikin zai dawo? Waɗancan mutanen za su goge abin da suka buga? Ba ki da aiki, ba ki da lasisi, ni kuma ɗaki ɗaya ya rage mini a gidan yayanki. Yara biyu, ina za ki kai su? Zai riƙe su, kuma kowa zai ce ya yi daidai." Ya zare hannunsa a hankali. "Suna kam ya riga ya tafi, Uwata. Share fuskarki. Ki koma ki yi masa godiya, ana jiran ki."

Ya juya, ya kama bango, ya koma ciki. Ta tsaya har hawayen suka bushe da kansu. Sannan ta wanke fuska a famfo, ta gyara ɗankwali, ta shiga falon da mutum goma sha biyu ke zaune, waɗanda aƙalla huɗu a cikinsu sun san gaskiya. Ta durƙusa a gaban kujerarsa.

"Na gode, Dakta."

Ya ɗora mata hannu a ka, a gaban kowa, cikin tausayi.

"Ba komai, Madam. Wa ya fi ƙarfin kuskure? Allah dai ya sa kin ɗauki darasi."